Kafin ka shiga halwa, ƙanena, ka fara duba ƙofar fita

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Ƙanena, Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Na ga tambayarka a zauren nan tun bayan asuba, na ce bari sai na dawo daga kasuwa in zauna in amsa maka a tsanake.

Ka ce tun rasuwar mahaifiyarka wata huɗu da suka wuce barci ya ƙaurace maka, hayaniyar Legas ta ishe ka, kana son ka keɓe ka samu natsuwa. Abokin aikinka ya nuna maka wani zaman shiru na kwana goma inda ake karɓe waya, wani kuma ya haɗa ka da malami a can bayan Ikorodu da ke sa mutane halwar kwana 21. Kana tambaya ko akwai hatsari ga jiki ko ga hankali. Akwai, kuma a halin da kake ciki yanzu hatsarin ya fi kusa da kai fiye da sauran mutane.

Ni ba mai ƙin halwa ba ne. Shekara 16 ina shiga i'itikafi a masallacin unguwarmu a Agege, bakwai daga ciki ni nake kula da abinci da ruwan masu i'itikafi. Na shiga halwa sau biyu, ta kwana uku da ta kwana bakwai, da izinin muƙaddaminmu, Allah ya gafarta masa. Abin da na samu a ciki ba zan musanya shi da komai ba. Amma na kuma ga yadda abin yake juyewa, a cikin gidana na gani.

Ƙanin matata ne. Yaro natsattse, mai sayar da kayan waya, ba ya shan ko sigari. Ya taɓa yin rashin lafiyar ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka ɗora shi a kan magani, ya warware sarai har mutane suka manta. Da kasuwa ta juya masa baya sai aka kai shi wurin wani malami a wajen gari, aka ce halwar kwana 21 ce za ta buɗe masa. Sharaɗin farko shi ne ya ajiye maganin asibiti, wai yana toshe hasken zuciya. Sai a karɓi waya. Abinci gumba cokali kaɗan da dabino uku bayan magariba. Wuridi kuwa adadin da aka yanka masa ba ya ƙarewa sai an haɗa da dare, don haka barci sai abin da ya sace shi a zaune.

A kwana na biyar ya gaya wa almajirin da ke kawo masa gumba cewa yana ganin haske a bango kuma ana kiran sunansa. Aka kai wa malam labari, malam ya aiko cewa buɗi ne ya fara, ya ƙara ƙaimi. A kwana na takwas da hantsi wani mai shayi ya kira ni. Ya tsince shi a bakin titi ba takalmi, carbi a wuya, yana tare motoci yana yi musu wa'azi. Lambar da ya kira ni da ita, matata ce ta rubuta ta a 'yar takarda ta cusa masa a aljihun riga ranar da zai tafi, yana ta yi mata dariya. Da na je kwaso kayansa na ga ɗakin da idona. Rufin kwano, ba silin, taga ɗaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba an toshe ta da kwali, kwanon gumba uku a jere sun yi tsami ba a taɓa ba, sakata kuma ta waje take. Wannan sakatar har yau tana zuwa mini a rai.

Mun ɓata kwana huɗu muna ruƙiyya, kowa na cewa rauhanai ne suka buge shi don ya yi kuskure a adadi. Da muka kai shi asibiti, likita ba ta tambaye mu wane sunan Allah yake ja ba. Tambayarta biyu ce: dare nawa ya yi bai yi barci ba, kuma yaushe ya daina shan maganinsa. Ta yi mana bayani cewa rashin barci kaɗai, idan ya yi kwanaki, yana iya sa lafiyayyen mutum ya ga abin da babu ko ya ji murya, balle wanda yake da tsohon ciwo kuma aka yanke masa magani rana ɗaya. Ya yi makonni a kwance. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma shagon bai dawo ba.

Zikiri bai yi masa komai ba. Yunwa ce da rashin barci da kaɗaici suka haɗu a kansa, sannan lokacin da ya nuna alama, wanda ya kamata ya ce “fito ka huta” shi ne ya ce “ƙara”.

Shi ya sa nake cewa ka fara duba ƙofa. Ka tambayi malamin, baki da baki, ba ta hannun wanda ya haɗa ku ba: idan na ji ba zan iya ba a kwana na uku, zan iya fita? Ka saurari amsar da kyau. Idan ya ce wanda ya fita kafin lokaci zai haukace, ko wani abu zai sami iyalinsa, ka yi masa sallama cikin ladabi ka kama hanyar gida. Muƙaddaminmu da ya sa ni halwa, kullum bayan la'asar sai ya zo da kansa ya zauna a bakin ƙofa, ya tambaye ni na ci, na yi barci, me nake ji. A ta kwana bakwai ɗin, da na ce masa kaina na sarawa kuma ƙirjina na bugawa, ya rage mini adadin da rabi ya ce in kwanta bayan isha'i. Bai ce imanina ne ya yi rauni ba.

Kuma wannan ba sassauci ba ne na zamani. A cikin Bukhari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana huɗuba ya ga wani mutum a tsaye, aka ce Abu Isra'ila ne, ya yi bakance zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Nana Zainabu ce, in ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi. Shi kansa yana cikin i'itikafi Nana Safiyya ta zo ta ziyarce shi da dare, suka yi hira, ya tashi ya raka ta. To wa ya isa ya ce maka yanke hulɗa da kowa da hana ido barci shi ne sharaɗin kusanci?

Shi kuma zaman shirun da abokin aikinka ya nuna maka, irinsa da ya fi shahara a duniya shi ne tsarin Vipassana na S.N. Goenka, wanda ya rasu a 2013, tsarin da ya taso daga ƙasar Bama, wato Myanmar, ya bazu ta Indiya. Ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, a yi kusan awa goma a zaune a rana, ba magana da sauran ɗalibai, ba waya, ba karatu, ba rubutu. Zan yi musu adalci: suna ba da takarda a cike tun kafin a karɓi mutum, suna tambayar lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, kuma su da kansu suna cewa zaman bai dace da mai matsananciyar lalurar ƙwaƙwalwa ba. Wannan ya fi abin da aka yi wa surukina nesa ba kusa ba. Amma a ƙa'idarsu ana son ɗalibi ya dakatar da duk wata addu'a ko ibada ta addininsa har kwana goman su cika. Don haka ko wane ne ke shirya zaman da aka nuna maka, tambayar farko ita ce salla biyar, kuma ka nemi amsar a rubuce. Sannan kada ka ɗauka don ba a ambaci aljani ba abin ba ya taɓa mutum. A 2019 masu bincike a jami'ar UCL ta Landan sun tambayi mutum 1,232 da suka saba zaman natsuwa iri daban-daban, sama da kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun taɓa shiga mummunan yanayi kamar tsoro da fargaba, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda suka taɓa zuwa zaman kwanaki. A jami'ar Brown ta Amurka akwai Willoughby Britton da ta daɗe tana nazarin mutanen da irin wannan zaman ya birkita. Idan mutum ya yi shiru, duk abin da ya danne yana tasowa. Kai kuma abin da ka danne bai wuce wata huɗu ba.

Ta ɓangaren jiki kuwa, mu da muke Legas mun san abin da ke kwantar da mutane. A i'itikafi abin da na fi gani shi ne ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro. Zafin garin nan mai gumi ne, mutum na zubar da ruwa ko yana zaune, sai ka ga dattijo ya miƙe tahajjudi jiri ya kwashe shi. Ka duba inda suke ajiye janareta. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, kuma yana kashe mutane a cikin barci, don haka in yana jikin taga ko a baranda kusa da inda za ka kwana, kada ka kwana. Ka duba ruwan sha da banɗaki, ba mu manta da amai da gudawa da ya ɓarke a Legas a 2024 ba. Mai ciwon suga ya shiga da na'urar gwajinsa. Ƙa'idar likitoci ita ce in sugan jini a na'urar ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya azumin nan take. Mai farfaɗiya ya sani rashin barci na tayar da ita. Mai hawan jini, mai gyambon ciki, mai shan maganin ƙwaƙwalwa, kowa ya ga likitansa tukuna, kuma babu malamin da ke da hurumin cewa a ajiye magani.

Tunda akwai mata a zauren nan, bari in faɗa a fili. Duk halwar da za a ce mace ta kwana a gidan malami, ko ya shigo mata ɗaki shi kaɗai don tofi ko wankan magani, ba halwar bayin Allah ba ce, keɓewar da shari'a ta hana ce. Haka duk wanda ya ce kada ki gaya wa mijinki ko iyayenki. Batun kuɗi ma haka: a faɗi abin da za a bayar tun farko. Mutumin da ya yi kwana shida da yunwa ba barci, in aka ce ya kawo kuɗin rago bakwai ko takardar fili, zai kawo.

Abin da nake ba ka shawara, ƙanena, shi ne kada ka je ko ɗaya daga cikin biyun a bana. Ka fara gyara barcin. Wata huɗu ba barci bayan rashi abu ne da likita ke dubawa, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba, akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai na LASUTH a Ikeja, duk suna da masu wannan fanni. Na san yadda mutanenmu ke jin an ambaci Yaba sai gabansu ya faɗi, ni ma haka nake kafin in zauna a bencinsu in ga masu kwat da masu rawani suna jiran layi kamar kowa. Ka kuma samu wanda za ka yi maganar Hajiya da shi, ƙanwarta ko yayanka, ka yi kukan da ba ka yi ba.

In kana son keɓewa kafin nan, ka fara da kaɗan. Ka zauna daga asuba zuwa fitowar rana a masallacin unguwarku. In azumi ya zo, ka shiga i'itikafi inda aka san ka, cikin jama'a, inda liman zai lura in ka canza, inda za ka ci sahur ka ƙoshi ka yi ƙailula da rana. A mazhabarmu ta Malikiyya yini da dare ɗaya ma i'itikafi ne, ba dole sai goman ba. Duk inda ka je kuma, yanzu ko nan gaba, mutum biyu a gida su san wurin da ƙafarsu, ba a waya kawai ba, su san ranar fitowarka, kuma ku yi alkawari cewa in ba su ji daga gare ka ba a rana kaza za su zo su buga ƙofa. Ka riƙe kuɗin mota a jikinka. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ka rubuta lambar wani naka a takarda ka sa a aljihu, kamar yadda matata ta yi.

Akwai abu ɗaya da ba ka faɗa ba a tambayarka, kuma ina son in ji. A cikin daren nan da ba ka barci, tunanin Hajiya ne kawai, ko har kana jin rayuwar ma ta fita daga ranka? In na biyun ne, kada ka jira azumi, kada ka jira amsar kowa a nan, gobe da safe ka nemi wani ya raka ka asibiti. In babu mai raka ka, ka yi mini magana ta gefe, daga Agege zuwa Yaba ba nisa ba ne a wurina.