Shin Kukan Wanda Gobara Ta Cinye Dukiyarsa Rashin Haƙuri Ne?

Tambaya: Malam, wata 3 ke nan da gobara ta cinye shagona na atamfofi, kuma rabin kayan na bashi ne. Har yau ina zubar da hawaye, 'yan'uwa suna cewa ba ni da tawakkali. Shin na fita daga masu haƙuri? Kuma ya halatta in karɓi gudummawa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Hawaye ba ya warware haƙuri, domin Annabi (SAW) ya yi kuka lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa a shekara ta 10 bayan Hijira, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Abin da shari'a ta haramta shi ne aikin harshe da hannu, wato marin fuska, yaga tufa da tuhumar Allah a kan hukuncinsa. Saboda haka masu yi maka gori sun yi kuskure, ko da niyyarsu mai kyau ce.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne kwana kana lissafin "da na kashe wutar shagon" ko "da ban ciyo bashi ba". A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya yi umarni da kwaɗayin abin da zai amfane ka, da neman taimakon Allah, da barin kasala, sannan ya hana faɗin "da na yi kaza", domin tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Ka lura cewa umarnin tashi neman amfani da hanin cizon yatsa a hadisi guda suka zo, wanda ke nuna cewa komawa kasuwa, ko da da tebur ɗaya ne, yana cikin haƙurin da ake nema a wurinka. Ka lizimci addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar mijinta: Allahumma'jurni fi musibati, wa akhlif li khairan minha.

Karɓar gudummawa halal ce gare ka, har ma da nemanta. A hadisin Ƙabisa, wanda shi ma yana cikin Muslim, an halatta roƙo ga mutum 3, kuma ɗayansu shi ne wanda masifa ta share masa dukiya, har sai ya sami abin rufin asiri, sannan ya kame. Idan ka kasa biyan bashin, kana cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba su rabo a zakka, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta wa masu binka su jinkirta maka har ka sami sauƙi. Ka je musu da kanka, da littafin lissafinka idan ya tsira, ku rubuta sabon wa'adi a gaban shaidu. Idan baƙin cikin ya hana ka barci da cin abinci, ganin likita bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah ne Mafi sani.