An biya sadakina, za mu iya ɗaukar hotunan kafin aure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, an kawo kuɗin gaisuwata, an sa rana bayan Babbar Sallah, har sadaki danginsa sun riga sun bayar, ɗaurin aure kawai ya rage. Yana so mu je situdiyo a ɗauke mu hotunan da za a buga a kalanda da jakunkunan rabo ranar biki. Mai hoton ya nuna mana samfuri, akwai na riƙe hannu, akwai na jingina da kafaɗa. Ƙawata ta ce tunda an karɓi sadaki ai na zama matarsa, kuma da ƙanwata za mu je. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika tambaya tun ba ki je ba. Wannan rashin kwanciyar zuciyar alheri ne, kada ki bari a kashe miki shi.

Hukuncin duka yana rataye ne a kan kalmarki guda: ɗaurin aure ya rage. Muddin ba a ɗaura ba, wannan saurayi ajnabi ne a gare ki, wato ba mijinki ba ne kuma ba muharraminki ba. Taɓa jiki da bayyana ado a gabansa haramun ne, wannan ba wurin saɓani ba ne. Saɓanin malamai a kan shi kansa hoton kyamara sananne ne, kuma ko a wurin waɗanda suka halatta shi, ba ya halatta abin da ake aikatawa a gaban kyamarar.

Maganar ƙawarki ce nake so in tsaya a kanta, domin ta yaɗu, har wasu iyaye sun ɗauke ta. Sadaki haƙƙin mace ne da aure ke wajabtawa, amma ba shi ke ƙulla auren ba. Abin da ke ƙulla shi siga ce: waliyyinki ko wakilinsa ya ce ya aurar, miji ko wakilinsa ya ce ya karɓa, da shaidu. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya jero su tare: waliyyi, sadaki da shaidu biyu adilai. Ɗaya daga ciki ba ya tsayawa a madadin sauran. Hasali ma aure yana inganta ko ba a ambaci sadaki ba a lokacin ɗaurawa, kamar yadda aya ta 236 a Suratul Baƙara ta nuna, amma ba ya inganta da kuɗi kaɗai komai yawansu.

Ki tambayi ƙawar taki: in Allah Ya karɓi ransa gobe, za ki yi masa takaba? Za ki ci gadonsa? In ya ce ya fasa, sai ya rubuta miki saki? Duk amsar a'a ce. Kuɗin nan amana ne a hannun mahaifinki, in an fasa a mayar musu. To yaya za ki zama matarsa a situdiyo, amma ki zama ba matarsa ba a wurin gado da idda? Masu kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya kalli wadda zai aura su ma sun ɗora wa hadisin abin da bai ɗauka ba. Kallo ne domin yanke shawara, kuma Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya taƙaita shi ga fuska da tafukan hannu. Ku kun riga kun ga juna, kun yanke shawara, har an sa rana.

Abu ɗaya ne zai canza wannan amsa. A wasu gidaje, ranar da aka kai sadaki ake ɗaura auren a gaban 'yan mutane kaɗan, a bar biki da tarewa zuwa gaba. Ki tambayi mahaifinki kai tsaye: Baba, ranar nan aure aka ɗaura ko alkawari aka yi? In ya ce an ɗaura da siga da shaidu, ke matarsa ce, riƙe hannunsa halal ne. In ya ce "mun ba ku" ɗin nan ta baiko ce kawai, to alkawari ne.

Zuwa da ƙanwarki yana kore keɓancewa, amma ba ya halatta taɓawa. Kuma kin manta da mutum na huɗu, mai hoton. Shi ma namiji ne ajnabi, shi zai ce matso, ɗaga kai, gyara mayafi, sannan hotonki ya kwana a kwamfutarsa, wataƙila ya sa shi a Instagram yana tallar sana'arsa. Ko bayan an ɗaura aure, wannan matsalar tana nan. Haka kalandar da za a rataye a shaguna da zaurukan mutane, kowa yana kallon kwalliyarki.

Ki yi tunanin kanki, 'yata. Aure nawa aka sa wa rana aka fasa? Namiji yana goge hoton ya nemi wata. Ke ce za ki zauna da shi yana yawo a wayoyin mutane, a nuna wa wanda zai zo nemanki daga baya. Ga kambun baka, ga kuɗin ɗinki da na mai kwalliya da wasu ke ciwo bashi a kansu alhali ba a gama kayan ɗaki ba. Ga sallar Azahar da La'asar da ake haɗawa ko a bari don kada alwala ta ɓata kwalliya.

Ki faɗa masa da laushin harshe cewa kina so ku fara da abin da Allah zai sa wa albarka, ku jira a ɗaura. In kunya ta hana ki, ki sa yayarki ko gwaggonki ta isar. Ki kuma lura da yadda zai karɓi maganar, domin za ki san abu mai yawa game da mutumin da za ki zauna da shi. Kayan rabo kuwa sunayenku da addu'a sun wadatar a kansu. Bayan ɗaurin aure, in kuna son hoton tarihi, ku ɗauka cikin sutura ta kamala, mace ko muharraminki ya ɗauka, ku adana shi a tsakaninku.

Allah ne Mafi sani.