Tambaya da Amsa: A Ina Saƙo Yake Ƙarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar da ke tura cinikin POS zuwa babbar kwamfutar IBM ta banki. A gwaji komai lafiya lau, amma da ciniki ya yi yawa sai saƙo biyu su manne, ko ɗaya ya iso rabi. Me ke jawo haka?
Mai karatu, Agege, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. TCP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna bayanai, kamar ruwan famfo yake: bayit (ƙananan gutsattsarin da bayanai suka ƙunsa) na zubowa a jere, ba ruwansa da inda saƙo ya tsaya. In ka aika bayit 200 sau biyu, mai karɓa na iya samun 400 lokaci guda, ko 130 sannan 270. Kai ne za ka shata iyaka.

Abin da ya fi aminci shi ne a rubuta tsawon saƙo a goshinsa. A IMS Connect, manhajar IBM da ke karɓar irin waɗannan saƙonni ta TCP, bayit 4 na farko su ne jimillar tsawon saƙon. Kowane ɓangare na ciki kuma yana farawa da LL, bayit 2 na tsawo, da ZZ, wasu bayit 2, kuma waɗannan huɗun suna cikin lissafin LL. Ɓangare mai tsawon 4 kacal, wato 00040000 a rubutun hex (inda kowane bayit ke da alama biyu), shi ne alamar an gama. Saƙonnin kati na ISO 8583, tsarin saƙonnin cinikin katin banki, yawanci bayit 2 na tsawo ake sa musu a goshi. Ka fara karanta goshin, sannan ka yi ta kiran recv, umarnin karɓar bayanai daga TCP, har adadin ya cika. Kira ɗaya ba ya isa, kuma ina kyautata zaton nan matsalarka take.

Ka lura da jerin bayit ɗin ma. Kwamfutar IBM babban bayit take sawa gaba, Intel kuwa ƙarami. Tsawon 300 shi ne 012C. In aka juya shi ya koma 2C01, wato 11,265, sai uwar garke ta zauna jiran bayanan da ba za su zo ba har wa'adi ya ƙare.

Wasu kan rufe saƙo da alamar sabon layi. Ban yarda da wannan ba a harkar kuɗi. A ASCII, tsarin haruffan yawancin kwamfutoci, alamar 0A ce, a EBCDIC, tsarin manyan kwamfutocin IBM, 15. To, adadi 15000 a filin COMP-3 (hanyar cusa lambobi cikin bayit a COBOL, harshen rubuta manhaja) ana ajiye shi 15 00 0C. Ka ga bayit ɗin farko? A nan za a datse saƙon, tsakiyar kuɗin mutum.

In bankin na da IBM MQ, manhajar da ke jera saƙonni a layi kafin a karɓe su, ka nemi a ba ka layi a kai. Shi yana miƙa kowane saƙo ɗungurungum yadda aka saka shi.