Amsa Ga Yarona Kan Raɗa Wa Littafi Suna

Ɗana, na karanta takardarka tare da labarin gaba ɗaya, kuma na gane inda abin ya tsaya maka. Ka ce ka kammala rubutu tuni amma ka kasa tsayar da sunan da za a buga a bango, ka kuma jero mini uku da kake jujjuyawa: Saude, wato sunan tauraruwar labarin, da Ramin Mugunta, da kuma Hawayen Marainiya A Gidan Ubanta. Ka tambayi wanne ya fi dacewa, da kuma yadda masu wannan sana'a suke yanke hukunci a kai. Ba zan zaɓar maka ba, domin littafin naka ne kuma sunanka ne zai zauna a ƙarƙashin nasa, amma zan gaya maka abin da nake dubawa duk lokacin da aka kawo mini rubutu, sannan in gaya maka ra'ayina kan ukun nan ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, sunan littafi alkawari ne da marubuci yake ɗauka tun kafin mai karatu ya buɗe shafin farko. Wanda ya tsaya gaban rumfar mai sayar da littattafai a Kasuwar Sabon Gari a Kano, ko yake zazzaga jerin sunaye a wayarsa, bai san gwanintarka ba, bai san irin daren da ka raba kana gyara jimla ɗaya ba. Kalmomi biyu ko uku ne kawai a gabansa, kuma da su zai auna ko ya miƙa kuɗinsa. Idan sunan ya yi masa alkawarin abin da babu shi a ciki, to sau ɗaya za ka yaudare shi, littafinka na biyu kuwa zai wuce shi ko kallo bai yi ba. Saboda haka nake hana yarana tsayar da suna kafin su gama rubutu. Suna iya sa na wucin gadi domin su san abin da za su riƙa kiran aikin da shi, amma na gaskiyar yana cikin labarin, sai an kai ƙarshe ake ganinsa.

Dubi yadda magabata suka yi. Bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, littattafai biyar suka fito, kuma a cikinsu za ka ga kusan dukkan hanyoyin da muke bi har yau. Biyu sun ɗauki sunan mutum, wato Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗaya ya ɗauki sunan abin da aka fita nema, shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Sauran biyun, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East, sun ɗauko daga maganar da take bakin mutane. To lura da waɗanda suka ɗauki sunan mutum, domin nan ne zaɓinka na farko yake. Ganɗoki laƙabi ne da tun daga jinsa ka san za ka haɗu da mutum mai zumuɗin fama. Shaihu Umar kuwa ya sanar da kai tun a bango cewa mutumin nan ya zama babban malami, sai ka shiga ciki ka tarar an sace shi yana yaro, an ƙetara Sahara da shi cikin bauta, mahaifiyarsa na bin sawunsa, nan fa sunan yake ƙara nauyi, domin kana ta tambayar kanka yadda aka yi wannan yaro ya kai ga wancan matsayi. Saude suna ne mai daɗi, kuma ka gina ta da kyau a cikin labarin, amma a bango ba ya gaya wa baƙo komai. Wanda ya riga ya yi suna yana iya sayar da littafi da sunan mace kaɗai, saboda sunansa ne yake sayarwa. Kai kuwa wannan ne na farinka, kuma rumfuna cike suke da littattafai masu ɗauke da sunayen 'yan mata, har mai shagon kansa yakan rikita su.

Karin magana ita ce hanyar da ta fi karɓuwa a wurinmu, kuma akwai dalili. Bahaushe idan ya ji rabin karin magana, zuciyarsa ce take ƙarasa sauran, ta haka ya riga ya sa hannu a littafin tun bai saya ba. Amma a nan ne kuma aka fi yin kuskure, domin da yawa sukan ɗauko karin maganar da ta dace da kowane labari, wanda hakan ke nuna ba ta dace da nasu na musamman ba. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, karin maganar ta hau labarin daidai: magidanci ne ya wulakanta uwargidansa da 'ya'yanta saboda amarya, kuma mai karatu yana ganin alhakin na bin sa a hankali har ya cim masa a ƙofar gidansa. Haka Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda aka buga a 1982: sunan ya faɗi ƙarshen tun a bango, amma bai rage wa labarin komai ba, domin abin da yake jan mai karatu shi ne ya ga ta yaya faɗuwar za ta zo. Ramin Mugunta ba shi da wannan kamun a labarinka. Yayyen Saude ba rami suka haƙa mata suka faɗa ciki ba. Haƙƙinta suka danne, kuma a yadda ka rubuta babin ƙarshe babu wata musiba da ta auka musu, kunya ce kawai ta rufe su a gaban dangi. Wanda ya saya saboda wannan suna zai jira sakayya mai zafi, ba zai same ta ba, zai ce littafin bai ƙare ba. Ban da haka, magana ce da aka riga aka tatse, kuma ba zan yi mamaki ba idan ka bincika ka tarar wasu sun riga ka.

Na ukun shi ne na fi jin tsoronsa, duk da na san shi ka fi so. Ya yi tsawo, kuma ya roƙi tausayi tun kafin labarin ya nema. Cinikin littafi a ƙasar nan da baki yake tafiya: matar aure ce take aiken yaro ya karɓo mata haya ko ya sayo, ɗaliba ce take faɗa wa ƙawarta a makaranta, mai karanta littattafai a rediyo ne yake maimaita sunan a farkon shiri da ƙarshensa, dillali ne yake buga waya daga Gusau ko Maraɗi yana cewa a ƙaro masa kaza. Suna mai kalmomi biyar ba ya isa inda aka aike shi lafiya, sai mutane su gutsure shi su kira shi Hawayen Marainiya, wanda kuma ya yi kama da wasu da dama. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma kalmomi biyar ne, amma gajeru ne, suna da kiɗa a baki, numfashi ɗaya ya ishe su. Wa Zai Auri Jahila? kuwa tambaya ce da take tsikarar mai wucewa, ta tilasta masa ya ba da amsa a ransa. Naka bayani ne, ya gama faɗin komai, bai bar wa mai karatu abin da zai nema ba.

Yanzu ga inda nake so ka koma ka duba. A labarinka, da aka zo rabon gado aka ja katanga ta tsakiyar gida, rijiya ta faɗo a kan iyaka, babu yadda za a raba ta. A bakin rijiyar nan ne mahaifin ya yi wa Saude alkawarin ɗakin da za ta zauna da 'ya'yanta bayan mutuwar aurenta, a nan matan yayyenta suka fara yi mata habaici, a nan kuma babban yayan ya sa aka ɗaure guga da kwaɗo don kada ta ɗebi ruwa. Ba na jin da gangan ka yi ta komawa wurin, labarin ne ya riƙa jan hannunka, kuma irin wannan wuri shi ne nake nema a kowane rubutu idan ana maganar suna. Hausawa suna cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Uban ya bayar, shari'a ma ta bayar, waɗanda aka ɗora wa miƙawa su ne suka hana. Da a ce ni ne, da Guga Ya Hana zan fara gwadawa: kalmomi uku ne, rabin karin magana ce da kowa zai ƙarasa, tana nuni ga abin da yake a zahiri cikin labarin, tana kuma ɗauke da jigonsa ba tare da ta tona yadda zai ƙare ba. Idan bai kwanta maka ba, kada ka ɗauka don ni na faɗa, amma ka ci gaba da nema a kewayen rijiyar nan.

Akwai wata hanya da ba ka ambata ba, ina kuma fatan ba za ta taɓa burge ka ba, wato sa suna mai jan hankali zuwa batsa ko tsiraici don a yi saurin saye. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafai a bainar jama'a aka kuma tsananta tace rubutu, sun san cewa da yawa daga masu zargin marubuta bango da suna kawai suka gani, kuma nagari da mugu duka aka shafa wa baƙin jini. Sunan da ba za ka iya furtawa a gaban mahaifiyarka ba bai kamata ya hau bango ba.

Duk wanda ka tsayar, akwai aiki uku kafin a kai wa mai zanen bango. Ka zagaya wurin manyan dillalan littattafai ka tambaye su ko sun taɓa sayar da mai irin sunan, domin ƙwaƙwalwarsu ta fi kowane kundi, sannan ka bincika a intanet, musamman Wattpad da zaurukan WhatsApp inda marubuta da yawa suke sakin labaransu yanzu. Ka rubuta shi da haruffa masu lanƙwasa da kuma ba tare da su ba, saboda yawancin masu nema a waya ba sa sa ƙ da ɗ da ɓ. Bayan haka ka faɗa wa mutum biyu ko uku da ba su karanta labarin ba, ka tambaye su abin da suke zaton yana ciki, ka kuma sake tambayarsu sunan bayan kwana biyu ka ji ko ya zauna. A ƙarshe ka tuna cewa labarin nan kashi biyu za mu buga shi, don haka dole sunan ya riƙe kashi na biyu kamar yadda ya riƙe na farko, kuma da shi za a nemi lambar littafi a Ɗakin Karatu na Ƙasa. Da zarar an ba da lamba an kuma buga bango, sauya ko da harafi ɗaya asarar takarda ce da tawada, saboda haka ba zan ba mai zane izinin farawa ba sai ka kawo mini sunan a rubuce da hannunka, tare da abin da dillalan suka gaya maka.