Diski ɗaya ya mutu a NAS ɗina mai RAID 5, ya zan yi?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce NAS ɗinka, wato na'urar ajiyar fayiloli da ke haɗe da netwok, diski huɗu ne a RAID 5, tsarin da ke rarraba bayanai a kansu ta yadda in ɗaya ya lalace za a iya sake gina abin da ke kansa daga sauran. Ɗaya ya mutu amma fayilolinka na buɗewa. To ba ka rasa komai ba tukuna, sai dai RAID 5 mutuwar diski ɗaya kawai yake iya ɗauka, in na biyu ya bi shi shikenan.

Don haka kafin ka taɓa komai kwafe abubuwan da ba za ka iya rasawa ba, hotunan iyali da takardu, zuwa wani diski na waje. Mutane da yawa gaggawar saka sabo suke yi, alhali lokacin sake ginin ne ake karanta kowane lungu na sauran ukun, kuma yawanci tare aka saye su tare suka tsufa, nan ne mai rauni yake faɗuwa. Duba SMART ɗinsu tukuna, wato rahoton lafiyar da kowane diski ke bayarwa.

Wajen cirewa ka tabbatar da lambar siriyal, don Allah kar ka zare mai lafiya. Sabon ya kai girman tsohon ko ya fi, kuma a salon rubuta bayanai na diski, mai CMR za ka nema, mai SMR na wahalar da ginin sosai. Ginin zai iya cin yini guda ko fiye, ka sa UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ka ƙyale shi.

In kuwa wani diski ya fara ƙarar ƙas-ƙas, ko na'urar ta ce ka yi fomatin, kar ka yarda. Kashe ta, rubuta ramin da kowane diski yake, ka kai wa ƙwararrun ceto bayanai, kar ka buɗe cikin diskin da kanka.