An Sallame Ni Da Saƙon Waya A Bangalor: Me Doka Ta Tanadar Mini?

Tambaya: Barista, ni tafinta ne a wani kamfani da ke karɓar marasa lafiya daga ƙasashen waje a Bangalor. Na yi wata 14 ina aiki, sau da yawa awa 11 a rana, sai aka sallame ni da saƙon waya, ba sanarwa, ba dalili. Ina da wani hakki?

Amsa: Malam, kana da hakki. A Indiya kowace jiha tana da tata dokar da ke kula da ma'aikatan shaguna da ofisoshin kasuwanci, kuma tun da a Bangalor kake, dokar jihar Karnataka ta 1961 ce ta shafe ka.

Sashe na 39 ya tanadi cewa ba a sallamar ma'aikacin da ya yi wata 6 a jere yana aiki sai da dalili mai ƙarfi, tare da sanarwar wata ɗaya ko albashin wata ɗaya a madadinta. Ana ɗage sanarwar ne kawai idan an zauna bincike an tabbatar da laifi a kansa, kai kuwa ba a ma kira ka an ji ta bakinka ba. Kana iya ɗaukaka ƙara gaban jami'in ma'aikatar ƙwadago, kuma idan ya gamsu cewa babu dalili, diyyar da za ta iya kai albashin wata ɗaya kan kowace shekarar aiki tana jiranka. Kada ka yi jinkiri, domin akwai wa'adi.

Batun awanni ya fi damuna. Doka ta ƙayyade awa 9 a rana da 48 a mako, duk abin da ya haura kuwa ana biyansa ninki biyu. Sai dai magana ba ta isa hujja ba, saboda haka ka adana takardar ɗaukar aiki, da shaidar shigar albashi ta banki, da saƙonnin WhatsApp da ake turo maka da tsakar dare cewa ka je filin jirgi ka tarbi majinyaci, kowanne da ranarsa da lokacinsa a jiki. Ka kuma duba sunan muƙaminka da kyau, domin dokar ta cire masu muƙamin gudanarwa, kuma wasu kamfanoni kan laƙaba wa ma'aikaci "manaja" alhali bai da ikon ɗauka ko sallamar kowa.

Shawarata ita ce ka fara rubuta musu wasiƙa ta hannun lauya, ka nemi albashin sanarwa da kuɗin ƙarin awanni da na hutun da ba ka ci ba, kuma kada ka sa hannu kan takardar murabus komai lallashin da za a yi maka. Bizarka ta aiki ɗaure take da wannan kamfanin, don haka ka tuntuɓi ofishin rajistar baƙi na FRRO a wannan makon.