Amsa: ya aka yi sunan Richard Wright ya fito a album ɗin 2014 bayan ya rasu a 2008?

Malam, ka tambaya ko coge aka yi da kwamfuta a album ɗin The Endless River na Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, tunda Wright mai kaɗa musu kibod ya rasu tun Satumba 2008. A'a wallahi, hannunsa ne da gaske. A 1993 lokacin da suke shirin album ɗinsu The Division Bell, shi da David Gilmour mai gita da Nick Mason mai ganga sukan shiga sutudiyo kawai su yi ta kiɗa ba tsari ba rubutu, wannan ya ja gita wancan ya bi shi da kibod, na'ura kuma tana ɗauka, har aka tara wajen awa 20 aka ajiye. To bayan rasuwarsa ne Gilmour da Mason suka ciro waɗancan kiɗe-kiɗen da aka ajiye, suka zaɓa, suka ƙara gita da ganga, furodusoshi Phil Manzanera da Youth da Andy Jackson suka taya haɗawa, ya fito Nuwamba 2014.

Shi yasa kusan duk kiɗa ne zalla, Louder Than Words kaɗai ce cikakkiyar waƙa mai baitoci, Polly Samson matar Gilmour ta rubuta. Roger Waters, tsohon ɗan ƙungiyar, kuwa babu shi sam, tun 1985 ya bar su.

Ni dai a ganina wasu wuraren sun yi ja da yawa, kana jin ragowar sutudiyo ne. Amma ka saurari Autumn '68, Wright ne kan babbar ogan (wani irin kibod) ɗin zauren Royal Albert Hall na Landan, an ɗauka tun 1969, wannan ɗin kam ka sa iyafis.